Zaki Mai Tsagaggiyar Gira

Na daɗe ina shakkar maganar da ake yi cewa zane ko sassaƙa na iya ɗaukar abin da ke zuciyar mutum ya ajiye wa na baya. A ƙasar da na yi karatu, aikin ruwa na je koyo, amma in an yi hutu abokai kan ja ni gidajen adana kayan tarihi. Can na ga sarakunan dutse a kan dawakan dutse, kowanne ya ɗaga hannu yana nuna wani wuri da ba kowa. A ƙarƙashin kowane sarki akwai ɗan allo da ke gaya maka abin da ya kamata ka ji: wai wannan iko ne, wancan baƙin ciki ne. Ni kuwa abin da nake ji shi ne ciwon ƙafa. Na dawo gida da ra'ayin cewa mai kuɗi ne ke sa a yi, mai ilimi ya raɗa wa abin suna, sauranmu mu gyaɗa kai don kada a ce ba mu waye ba. Ban ce na bar wannan ra'ayi gaba ɗaya ba. Sai dai abin da ya faru a rumfar kawuna ya sa na daina faɗinsa da ƙarfi.

Kawu Mai Zaki ake kiransa, yayan mahaifiyata ne. Rumfarsa tana bakin babbar hanyar da ta fita gari, tsakanin shagon tela da wurin mai faci. Ba wata rumfar kirki ba ce: ginshiƙan ƙarfe, kwanon rufi da ya sha rana har ya manta launinsa, famfo a gefe, da tarin yashi da awakin unguwa suka mai da wurin hutawa. Siminti yake zubawa. Yana yin tukwanen furanni, da ƙananan ginshiƙan baranda, da gaggafa mai buɗaɗɗen fiffike. Amma abin da ya ba shi suna shi ne zakunan da masu hali ke ɗorawa bibbiyu a ƙofar gida, don mai wucewa ya san akwai mutum a ciki.

Bayan dawowata, kafin in samu aiki, can nake yini. Gida ya cika da masu zuwa sannu da zuwa da masu tambayar yaushe zan yi aure, rumfar Kawu kuwa ba mai tambayarka komai. Ina zaune a benci ina kallon yadda yake shafa wa mazubi baƙin mai don kada siminti ya kama, ya lanƙwasa rodi ya sa a ciki a matsayin ƙashi, ya haɗa ɓari biyun ya ɗaure, ya zuba kwaɓi. Daga nan ya bi gefen mazubin da guduma ta katako yana ƙwanƙwasawa a hankali, don iska ta fita, kada zaki ya fito da zanzana. In ya buɗe, sai ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, yana ba shi ruwa safe da yamma. Yakan ce siminti jariri ne, in ka bar shi da ƙishi ya tsage maka.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne bambancin mutumin da aikinsa. Kawu mai sanyin murya ne, in yana magana sai ka matso. In ya haɗu da wani a ƙofa shi ke ja da baya, ko da jikansa ne. Inna, matarsa, takan ce ko kajin gida ba sa matsa masa, shi ke kewaye su. Amma zakunansa, in ka tsaya gabansu sai ka ji kamar ka yi laifi. Jikin ba abin a zo a gani ba ne: ƙafafun sun yi gajarta, wutsiyar kamar igiyar guga. Fuskar ce. Baki a wage, ba irin na dabbar da za ta ci nama ba, irin na wanda ke tsakiyar faɗa. Jijiya ta taso a goshi ta gangaro tsakanin idanu. Hanci ya buɗe. A saman idon hagu kuma gira ta tsage gida biyu kamar an sa mata wuƙa. Kowane zaki, babba da ƙarami, yana da wannan tsaga.

"Kawu, zaki yana da gira kuwa?" na tambaye shi wata rana.

"Nawa yana da ita."

"Tsagar fa?"

"Mazubin ne haka, Injiniya," ya ce, bai ɗago ba.

Ban yarda ba, don mazubansa daban-daban ne, manya da ƙanana, ba yadda za a yi duk su tsage a wuri ɗaya.

Tela, maƙwabcinsa, abokin tsokanarsa ne tun kafin a haife ni. Yakan leƙo da tef a wuya ya ce, "Mai Zaki, ranar da aka ce ka busa wa waɗannan rai, ina za ka shiga?"

Kawu ya ce, "Allah mai gafara ne. Amma in suka tashi, ta shagonka za su fara, kai ne mai tsoka."

Tela ya shafa tumbinsa ya koma kan keke.

Telan ne ya kawo labarin wata safiya, ba tsokana a bakinsa. Filin da suke zaune a kai su uku na wata tsohuwa ne da ta bar su suna sana'a shekara da shekaru. Ta rasu, magada sun sayar. Wanda ya saya zai gina gidansa a baya, ya yi shaguna a gaba, ya kuma aiko cewa jibi zai zo da kansa ya ga mutanen da ke wurin, ya san wa zai bari wa zai tasa.

Tela in an tashe shi, kekensa a ka zai ɗauka. Mai faci ma haka. Kawu ne ba ya tasuwa. Kowane mazubi nasa sai ƙarti sun taru a kansa, famfon shi ya jawo shi, kuma sana'arsa ta mai wucewa ce: mota ta rage gudu, maigida ya hango zaki, ya tuna yana da ƙofa. In aka mai da Kawu lungu, ya gama yawo.

"Wa ya saya?" in ji Kawu.

"Wani tsohon manaja ne, na kamfanin bututu na da. Tsawa suke ce masa."

Cokalin siminti ya suɓuce daga hannun Kawu ya faɗa cikin kwaɓi. Bai ɗauka ba. Ya juya ya dubi jerin zakunan da ke fuskantar titi, kowanne baki a wage, ya ce a hankali, "Innalillahi." Sai ya wanke hannu ya ce mini zai je neman buhuna.

Bai dawo ba Inna ta kawo abincin rana. Na gaya mata abin da ya faru. Ta ajiye kwano, ta dubi babban zakin da ke bakin rumfa, sai ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Da ta lafa ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Yau ake yin ta. Mai fuska ya zo karɓar fuskarsa."

Ga yadda ta ba ni labarin. Kawu yana saurayi, sabon aure, ya samu aiki a kamfanin da ke zuba manyan bututun siminti na kwalbati. Manajan wurin ba ya magana sai tsawa, shi ya sa ma'aikata suka raɗa masa sunan. In motarsa ta shigo, har injin kwaɓi kamar rage ƙara yake yi. Wata rana aka buɗe wani bututu kafin ya gama kama jikinsa, ya tsage daga sama har ƙasa. Kawu ne ya kwance ƙusoshin mazubin, amma wani na gaba da shi ne ya ce ya kwance, kuma da aka zo tambaya wancan ya zama kurma. Manaja ya tara ma'aikata duka a fili, ya sa Kawu a tsakiya, ya matso har numfashinsa na dukan fuskarsa, ya yi ta zazzaga masa. Kawu bai ji ko kalma ɗaya ba. Kunnensa ya toshe, idonsa kaɗai ke aiki: jijiyar goshi, hancin, tsagar gira. Daga nan aka ce ya ajiye safar hannu ya fita. A lokacin Inna na da cikin fari, har ya tsufa.

"Ya dawo mini kamar an zare masa laka," in ji ta. "Wata da watanni, in iska ta buga ƙofa sai ya zabura. Yana cikin cin abinci sai ya tsaya, ya ƙura wa bango ido. Na san wa yake gani."

Da abin da ya koya a kamfani ya zo bakin hanyar nan ya fara tukwanen furanni. Wata rana wani ɗan kasuwa da ya gama gini ya tsaya ya tambaye shi ko zai iya zaki. Kawu bai taɓa ganin zaki ba sai a jikin kwalin ashana, shi ma ɗan mitsitsi. Ya ce zai iya, don yunwa ba ta san ban iya ba. Ya samo yumɓu ya kai gida, ya gina jikin yana kallon kyanwar maƙwabta. Da ya zo kan fuska sai aiki ya cije. Ya yi, ta fito kamar ta tunkiya, ya rushe. Ya sake, ta fito kamar kare mai jin barci. Ɗan kasuwa kuwa ya ce abin da yake so shi ne wanda ɓarawo zai gani ya tuna da uwarsa. Da dabara ta ƙare, sai Kawu ya daina tunani ya bar yatsunsa.

"Na fito da ruwa zan ba shi," in ji Inna, "sai ga Manaja tsugune a tsakar gidana, da geza. Saura kaɗan in durƙusa in gaishe shi." Ta taɓa ganinsa a ƙofar kamfani in ta kai abinci, kuma fuska ce da ba a mantawa. "Amma ka san wani abu, ɗan nan? Tun daga ranar kawunka ya fara cinye abincinsa."

Zakin ya karɓu. Daga ƙofar ɗan kasuwa ya tafi ƙofar mai otal, da ta wata makaranta, da gidajen da Kawu bai ma san inda suke ba. Kamfanin bututu ya rufe, Manaja ya koma wani gari, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ba wanda ya taɓa lura da kamannin sai Inna, ita kuma ta riƙe bakinta shekara talatin da wani abu, abin da ta ce ya kamata a ba ta lambar yabo a kai.

Washegari duka aikin ɓoyo muka yi. Ni da Kawu da mai faci muka yi ta jan zakuna muna juya su suna kallon katanga, muna lulluɓe su da buhuna. Tela ya fito ya riƙe ƙugu.

"Mai Zaki, zazzaɓi suke yi ne?"

"Rana ce ta yi musu yawa."

"Shekara talatin suna shan ta, sai yau?"

Kawu ya ɗauko wani buhun. Matsalar ita ce babban zakin da ke bakin rumfa, wanda shi ne allon tallarsa. A nan aka zuba shi, rodinsa ya shiga ƙasa, ba ya juyuwa. In kuma aka lulluɓe abu mai girman ɗan maraƙi a bakin hanya, shi za a fara tambaya. Na yi ƙoƙarin kwantar masa da hankali. Na ce mutumin ya tsufa, kuma ba wanda ya san fuskarsa ta fushi, tunda ba a faɗa a gaban madubi.

"Fushin bai san shi ba," in ji Kawu. "Amma girar kullum yana ganinta."

Da safen ranar da za a zo, na tarar ya kwaɓa ɗan siminti a tafin hannu ya cike tsagar. Shi da ya fi kowa sanin cewa sabon siminti baƙi yake fitowa a jikin tsoho. Tsoro ba ya barin mutum ya tuna abin da ya sani. Zaki ya tsaya fari sol, da baƙin tabo a saman ido kamar wanda ya fito daga ɗakin magani. Inna, wadda ba ta taɓa zuwa rumfa da safe ba, sai ga ta. Ta ce kallo ta zo.

"Malam," ta ce, "da can sai an lura ake ganinta. Yanzu ka kunna mata fitila."

Kawu ya ɗauko tsumma zai goge, sai mota ta tsaya.

Wata mata mai tabarau ce ke tuƙi, da ganinta ta kai shekara arba'in. Ta zagayo ta buɗe ƙofa ta kamo hannun mahaifinta. Na zaci zan ga ƙato. Ɗan tsoho ne ya fito, ya ranƙwafa a kan sanda, wuyansa naɗe da ƙyalle duk da zafin da ake yi. Girarsa ta yi fari fat, amma tsagar tana nan a hagu. Da ya je wurin Tela ya yi magana, ba mu ji komai ba, sai muka ga 'yar ta sunkuya ta saurara, sannan ta maimaita da ƙarfi. Ashe an yi masa aiki a maƙogwaro, murya ta tafi, sai raɗa. Ya tambayi Tela shekarunsa a wurin, ya tambayi mai faci inda yake zubar da tsoffin tayoyi, sannan ya juyo wajenmu.

Kawu ya rusuna har gwiwarsa na taɓa yashi. "Sannu da zuwa, Yallaɓai."

Tsohon bai dube shi ba. Idonsa na kan zaki. Ya tsaya, ya daɗe a tsaye, har 'yar ta taɓa masa kafaɗa. Leɓensa ya motsa. Ta sunkuya, ta ɗago da mamaki.

"Wai babansa ne," ta ce. "Kakana."

Ya nuna benci da sanda, na jawo masa. Da ya zauna ya fara magana, duk muka matso muka sunkuya kamar masu sauraron rediyo mai mataccen batir. Mutumin da aka ce in ya yi magana a ofis ana ji daga titi.

"Haka yake tsayuwa a bakin ƙofa in mun makara," ya ce. "Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, komai nasa da agogo. In ya buɗe baki haka, ƙanena a wando yake saki. Tun ina yaro na rantse ba zan zama shi ba." Ya numfasa, ya dubi Kawu karon farko. "Ina ka san shi? Ya rasu kana goye, in ma an haife ka."

Na ga kafaɗun Kawu sun sauka. Ƙofa ta buɗe masa, shi kuma ya bi ta. "Kama ce kawai, Yallaɓai. Mutum da mutum ma suna kama, balle mutum da siminti."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya miƙe da ƙyar ya matsa kusa da zakin, ya ɗaga hannu ya bi jijiyar goshin da yatsa, kamar mai shafa kan mara lafiya. Yatsan ya gangaro ya faɗa kan baƙin tabon. Tabo ya lotsa. Ya dubi yatsansa, ya mayar, ya sa farce ya ƙwaƙula. Ɗanyen siminti ya zubo ƙasa, tsaga ta fito sarai kamar yadda take tun farko. Daga nan hannun ya tashi a hankali ya tafi girarsa shi kansa, ya bar mata shaidar toka-toka.

"Baba ba shi da wannan," ya ce. Wannan karon ba wanda ya nemi a maimaita masa. "Wannan tawa ce. Ƙofar babbar mota ce ta ba ni."

Keken Tela ya yi shiru. Ban san lokacin da ya fito ba, sai ganinsa na yi a bayana.

"A ƙarƙashina ka yi aiki?" tsohon ya tambayi Kawu.

"E, Yallaɓai. Bututun da ya tsage."

Tsohon ya yi tunani, da gaske yake yinsa, har ya lumshe ido. "Bututu da yawa sun tsage. Na kori mutane da yawa. Ban tuna ka ba." Ba da raini ya faɗa ba. Ya sake duban zakin. "Haka nake?"

Kawu ya ce, "Ranar dai haka kake, Yallaɓai."

"An ma rage, Yallaɓai," in ji Inna daga baya, "tunda siminti ba ya tsawa."

'Yar ce ta fara, ta toshe baki da hannu, dariya na fita ta hanci. "Baba, wallahi akwai irinsu a ƙofar asibitin da nake aiki. Kullum in zan shiga sai in duba agogo in gyara tafiya, ban taɓa sanin dalili ba."

Tsohon ya nuna buhunan da sanda. Na dubi Kawu, ya sunkuyar da kai, sai na bi su ina yayewa, mai faci na taimaka mini muna juyo su. Ga su nan jere, manya da ƙanana, wasu da fenti wasu babu, duka shi ne, duka suna tsakiyar faɗa.

"Nawa ka sayar?"

"Ban ƙirga ba, Yallaɓai."

Kafaɗun tsohon suka fara rawa. Muka zaci tari ne, 'yar ta ruga mota ɗauko ruwa. Ashe dariya ce, irin wadda ba ta da murya, sai iska. Da ya samu numfashi ya ce, "Ashe shekara da shekaru ina gadin gidajen mutane, ba albashi." Tela ya saki tasa dariyar da ya daɗe yana dannewa. Tsohon ya share ido da hannun da ke da siminti, ya ƙara ɓata fuskar. Dariyar ta ƙare masa kafin ta ƙare wa sauran. Ya tsaya yana kallon jerin, ya ce, ba da mu yake ba, "Na ce ba zan zama shi ba."

Ya kama hannun 'yarsa suka koma mota, muka tsaya cirko-cirko. Ta zaunar da shi, ta sunkuya ta daɗe tana saurare, sannan ta dawo.

"Ya ce rumfa ta zauna inda take, a ja katanga ta bayanta. Tela da mai faci za a ba su shago in an gama. Amma Kawu, da sharaɗi." Ita ma ta kama kiransa Kawu. "Yana son zaki ɗaya a ƙofarsa. Baki a rufe."

Da motar ta tafi, Kawu ya zauna daɓas a kan tarin yashi, wata akuya ta matsa masa, karo na farko a tarihi in ji Inna. Ya cire hula yana fifita da ita, yana ta hamdala.

"Mai Zaki," in ji Tela, "ashe yau ce ranar. An busa masa rai, kuma bai ci kowa ba."

Sharaɗin bai zo da sauƙi ba. Kawu ya samo yumɓu ya gina fuskar da hannunsa ya haddace, ya rufe mata baki, sai ta fito kamar yaron da aka hana fita wasa. Ya rushe ya sake, ta fito kamar mai ciwon haƙori. Ya ce mini fuskar nan sau ɗaya tak ya taɓa ganinta baki a rufe, ranar da tsohon ya zo rumfa, kuma ranar tsoro bai bar idonsa ya gani sosai ba. Daga ƙarshe ya aika wa 'yar da saƙo, yana ba da haƙuri tun kafin ya faɗi abin da yake so.

Sai tsohon ya fara zuwa da safe. Dama yana zuwa duba gininsa. Ya zauna a benci, sanda tsakanin gwiwoyi, yana kallon magina ta saman katanga, Kawu na gefe da yumɓu yana satar kallonsa. Ba su cika magana ba. In ya nemi gafara, ni dai ban ji ba, kuma Kawu bai ce ya nema ba. Abin da na ji da kunnena shi ne wata rana da Kawu ke kwaɓi, tsohon ya buga sanda a ƙasa ya raɗa cewa ruwan ya yi yawa. Kawu ya tsaya da shebur a hannu, ya ce da wannan sanyin murya tasa, "Yallaɓai, nan ni ne manaja." Tsohon ya ɗaga hannu sama kamar wanda aka kama. Da na kai wa Inna labari sai da ta sa na maimaita.

Zakin da ya fito a kwance yake, ya ɗora haɓa kusa da ƙafafunsa. Kumatun sun zubo. Jijiyar goshi tana nan amma ta kwanta. Idanun ba sa kallon mai shigowa, hanya suke kallo, kamar wanda ya aiki yaro tun safe yana jiran dawowarsa. Kawu ya so ya bar girar a haɗe, tsohon ya ce a'a, a tsaga. An ajiye shi a ƙasa, gefen ƙofar sabon gida, ba a kan ginshiƙi ba. Da la'asar akan fito wa tsohon da kujera ya zauna kusa da shi, 'yan makarantar da ke wucewa su gaida ɗaya su hau bayan ɗaya.

A kasuwa dai bai yi farin jini ba. Wani da ya zo saye ya dube shi ya ce wannan ai ɓarawo shafa kansa zai yi ya wuce, a ba shi mai buɗaɗɗen baki. Har yau mai buɗaɗɗen baki shi ne wanda Kawu ya fi zubawa. Ni kuma in na tuna sarakunan dutsen nan da suka sa mini ciwon ƙafa, nakan yi tunanin ko a bayan wani daga cikinsu akwai mai sanyin murya da aka taɓa tsayarwa a tsakiyar fili. Allon da ke ƙarƙashinsu bai faɗa ba.

Wata yamma, bayan na fara aiki, na biya ta rumfa na tarar da shi da bokiti yana bin sababbin zakuna yana jiƙa musu buhuna. Na karɓi bokitin ina riƙe masa.

"Kawu," na ce, "mutum ya firgita ka haka, me ya sa ka yi shekaru kana zuba fuskarsa, kana kallonta safe da yamma? Ai da mantawa ka yi da ita."

Ya ɗaga buhu ya leƙa, ya yayyafa ruwa a kan girar, ya mayar.

"Na gwada mantawa, Injiniya, ta ƙi. Duk inda na sa ƙafa tana biye da ni, har cikin kwanon abinci. Da na zuba ta a siminti sai ta yi nauyi. In na tashi da yamma nan nake barinta, da safe in zo in tarar da ita inda na ajiye, har in ba ta ruwa."